Inda Dogo Ya Ƙare: Hasashe da Jagoranci a Tashar Paraku

Hasashe, idan ana maganar aiki da sana'a, shi ne mutum ya ga abu a zuciyarsa tun bai wanzu a fili ba: hanyar da ba a taɓa bi ba, kayan aikin da ba a ƙera ba tukuna, ko wata matsala da ke tafe wadda ba ta riga ta yi sallama ba. Tela yana yin sa duk lokacin da ya dubi yadi ya ga riga a cikinsa kafin ya sa almakashi. Magini yana yin sa idan ya tsaya a fili yana nuna inda zaure zai zauna. Abin da masana harkar gudanarwa ke kira ƙirƙira a wurin aiki, wato fito da sabuwar dabara mai amfani, daga nan yake tsirowa. Sauran kuwa lissafi ne da gwaji da haƙuri. Shugabanci ma yana dogaro da shi ta fuska biyu. Dole shugaba ya hango inda za a dosa, sannan ya iya sa mabiyansa su ga abin da ya gani har su yarda su ɗaure kaya su bi shi.

Arewacin Jamhuriyar Benin wuri ne da ya dace da nazarin wannan batu, domin manyan garuruwansa biyu, Paraku da Jugu, a kan hanya arzikinsu ya ginu. A Paraku, kalmar Faransanci gare, wato tasha, ita ce sunan da ake kiran wurin da jirgin ƙasa ke tsayawa da kewayensa. Layin dogon da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, a nan ya ƙare tun 1936. Jugu, wadda ke arewa maso yamma da tazarar kimanin kilomita 135, ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, tasharta ta motoci ce. Amma ta riga dogo sanin matafiya, domin tun ƙarnukan baya ta kasance babban zango a hanyar fataken goro.

Madugu uban tafiya

A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da busasshiyar albasa. Sukan haye Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su yada zango a Jugu, wadda Hausawa ke kira Zugu, kafin su zarce Salaga a ƙasar Gwanja inda ake sayen goron da ya fito daga dazukan Asante. Fatake Musulmi suna sauka a unguwar Wangara, sarki kuwa yana zaune a Kilir. Harshen Dendi ne harshen kasuwa a can har yau, amma Hausa ta kafa gindi a zangunan Jugu da Paraku. Girman waɗannan ayarori ba ƙarami ba ne. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya ci karo da wani a Kaiama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, da dabbobin kaya kusan haka.

Tafiya zuwa da dawowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci ta kusa shekara. Wanda ke ɗauke da nauyin wannan taro shi ne madugu, kuma aikinsa kusan duka a cikin kai ake yin sa. Tun yana gida sai ya lissafa yaushe rafuka za su janye, a wane zango ake samun ciyawar jakuna, wane sarki ne ya rasu, wa ya gaje shi, kuma nawa sabon zai nema na fito ko gaisuwa. Sai ya hango farashin goro a kasuwar Kurmi ta Kano watanni gaba, alhali goron yana kan bishiya tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma madugun da ya gaza ganin hanya a ransa kafin ya taka ta, rayukan jama'a yake sa wa a haɗari, domin 'yan fashin Borgu sun yi suna a wancan zamani.

Abin lura shi ne madugu bai taɓa yin wannan tunani shi kaɗai ba. Akwai jagaba, wanda ya san hanya yake kuma jan gaba. Akwai uban dawaki, mai kula da sha'anin sauka da tattara kuɗin da za a biya masu ƙasa. Akwai malamin ayari, mai riƙe rubutu da addu'a da zaɓen ranar tashi. A zango kuma akwai maigida, mai masauki, wanda ke ajiye kayan baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, ya kuma ba shi labarin abin da ya faru a hanya tun wucewarsa ta bara. Hoton hanyar da ke cikin kan madugu haɗin gambiza ne na abin da waɗannan mutane suka gani suka faɗa masa. Gwanintarsa ita ce ya saurara, ya tace, ya yanke shawara. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya wallafa littafi a kan fataucin goro a 1980, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan sana'a ta hanyar irin wannan tsari na amana da musayar labari.

Shi kansa goron ya tilasta ƙirƙira. Abu ne mai saurin lalacewa, ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ga kuma ƙwaro. Fatake suka ƙware wajen naɗe shi da ganye a cikin huhu, suna kwancewa a hanya su tsince wanda ya fara ɓaci, su yayyafa ruwa, su sake ɗaurewa. Babu wanda ya san sunan wanda ya fara wannan dabara. Galibin ƙirƙirar wurin aiki haka take, ba ta da sa hannu.

Hanyar ta mutu ne lokacin da wasu suka hango wata. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, Turawa suka yanka iyakoki, sannan dogo ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, ɗan madugu ne, ya kuma san hanyar ƙasa. Duk da haka yana cikin na farko-farkon 'yan Arewa da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga nan ya hau zuwa Arewa. Abin da ake yi a watanni ya koma makonni. Da gyaɗa ta buɗe kuma, shi da takwarorinsa suka juya jarinsu da yaransu da amanar da suka gina a ƙauyuka zuwa sayenta, alhali Turawan Ingila auduga suka sa rai dogon zai kwaso. Sanin tsohuwar hanya ne ya ba shi ikon ganin sabuwa. Jugu kuwa ta yi asarar ayarorinta.

Tsattsewa tsakanin Paraku da Nijar

Faransawa sun fara shimfiɗa dogon Dahomey, wato Benin ta yau, a 1900, da aikin tilas na talakawa, da niyyar kai shi har bakin kogin Kwara. Kuɗi da hali suka ƙare a Paraku. Wannan gazawa ita ta yi garin, domin duk kayan da za su wuce Nijar dole a sauke su daga tarago a loda a mota, masu gangarowa kuma a yi musu akasin haka. Inda ake sauke kaya kuwa, nan 'yan dako da direbobi da makanikai da masu abinci da masu masauki ke taruwa.

Matsalar ita ce gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta fi kusa da dogon Kano, ta can take fita zuwa Ikko. A shekarun 1950 hukumomin mulkin mallaka suka fito da wani tsari da suka sa wa sunan tsuntsuwar nan tsattsewa, Hirondelle da Faransanci. Aka haɗa jirgin ƙasa da manyan motoci suka zama kamar hanya ɗaya, aka sa tallafi don kuɗin dakon ya iya gogayya da na Nijeriya, aka kuma tsara tafiyar yadda motar da ta hau da kayan kanti da siminti za ta gangaro da gyaɗa. Ba a ƙara ko taku ɗaya na dogo ba. Abin da aka sauya shi ne yadda ake kallon abin da ke akwai. A ƙarshen shekarun aka gina gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya a kan kogin Kwara, a 1959 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar mai kula da jirgin ƙasa da sufuri, wadda ta koma OCBN bayan ƙasar ta sauya suna zuwa Benin a 1975. Da aka fara haƙar yuraniyam a Arlit a farkon shekarun 1970, ta Paraku yake bi zuwa teku, farar wutar da ake sarrafa shi da ita kuma ta nan take hawa.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan dabara don amfanin kasuwar Faransa aka yi ta, manomin gyaɗa bai kasance a tsakiyar lissafin ba. Hasashe kayan aiki ne kamar gatari, kyansa ko muninsa yana ga wanda ya riƙe shi da abin da ya nufa.

A waɗancan shekarun na 1950 wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, yana fama da irin matsalar da ake gani a tashar Paraku: ɓata lokaci da asarar kaya wajen sauke buhu ɗaya-ɗaya daga mota zuwa jirgi. Tambayar da ya yi wa kansa ita ce me zai hana a ɗaga akwatin motar gaba ɗaya a ɗora. A watan Afrilun 1956 jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Yau da yawa daga cikin kayan da ke sauka a tashar ruwan Kwatano a cikin irin wannan akwati suke zuwa. McLean ba injiniyan jirgi ba ne, direba ne da ya gaji da jira. Ana yawan ganin haka a tarihin ƙirƙira: wanda matsala ke ci wa tuwo a ƙwarya shi ke fara hango mafita.

Hangen Dala

Akwai kuma hasashen da ya tsaya a hange. Da kwalta ta haɗa Kwatano da Paraku, motoci suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka, taragai suka tsufa, jirgin fasinja ya daina zirga-zirga a shekarun 2000. Tsohon burin kai dogo Nijar ya sake tasowa a 2014, lokacin da kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140. Aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016. Sai dai tsakanin Doso da Paraku akwai fiye da kilomita 400 da ba a taɓa ba, kuma wani ɗan kasuwar Benin, Samuel Dossou na kamfanin Petrolin, yana riƙe da hujjar cewa shi aka fara ba aikin. Aka yi saɓani har a kan faɗin layin, ko a bi tsohon ma'aunin mita ɗaya ko a yi na zamani mai faɗi. Kotun ƙolin Benin ta ba Petrolin gaskiya a 2017. Layin Yamai zuwa Doso bai yi jigilar kasuwanci ba.

Burin mai kyau ne, kuma ƙasar da ba ta da teku kamar Nijar tana matuƙar buƙatarsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaya ɓangaren hasashe, wato hango cikas: wa ke da haƙƙi, wa zai ƙi, ina za a haɗe, me zai faru idan kotu ta tsayar. Madugun da ya san sarki bai karɓi gaisuwa ba, ba ya ɗaga ayari. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A manyan kamfanoni na yanzu akwai al'adar da ake zaunar da ma'aikata kafin a fara aiki, a ce su ɗauka aikin ya riga ya rushe, kowa ya faɗi abin da yake ganin ya rusa shi. Masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ne ya yaɗa wannan hanya. Amfaninta shi ne tana ba ƙaramin ma'aikaci izinin faɗar abin da yake tsoro ba tare da an ɗauke shi mai baƙin baki ba.

Garejin bayan tasha

Mafi yawan mutanen da ke cin abinci a kewayen tashoshin Paraku da Jugu ba su da ofis. Wurin aikinsu gareji ne, ko rumfar walda, ko shagon ɗinki, ko gindin mota. A nan ake ganin ƙirƙira ta yau da kullum: makanike ya gyara abin da kamfanin da ya ƙera motar zai ce a jefar, mai walda ya ƙara wa mota tankin mai don doguwar tafiya, maƙeri ya mai da tsohon sifirin ya zama garma ko adda. Matan Fulani na Borgu suna daskarar da madara da ruwan tumfafiya su yi cukun da ake kira wagashi, su rina shi ja da karan dafi, ya zama tsarabar da matafiya ke saya a bakin hanya.

Shugaba a irin wannan wuri shi ne maigida ko oga, mabiyansa kuma yaran da iyayensu suka kawo koyon sana'a na shekaru, har ranar bikin yaye su. Tsarin yana da ƙarfi wajen isar da ƙwarewa daga hannu zuwa hannu, shi ya sa tun tsakiyar shekarun 2000 gwamnatin Benin ta shigo da jarrabawa da takardar shaida ga masu koyon sana'a maimakon ta rushe shi. Rauninsa yana wajen magana. Yaro ya taso da tarbiyyar kada ya ɗaga ido gaban babba, kada ya gyara masa zance. Tarbiyya ce mai daraja, amma idan ta hana yaron da ke kwance ƙarƙashin mota faɗin abin da ya gani, gareji ya yi asara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wurin aiki mai ɗakin sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta: karen mota, ɗan dako, yarinyar da ke wanke kwanuka tana jin abin da masu ciniki ke gunaguni a kai.

Kamfanin Toyota na Japan ya gina sunansa a kan warware wannan ƙulli. Tun 1951 ya kafa tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata, ya kuma rataya igiya a layin haɗa motoci wadda kowane lebura zai iya ja idan ya ga kuskure, ko da hakan zai tsayar da aiki. Japanawa ma mutane ne masu tsananin girmama na gaba, don haka ba rashin kunya aka koya wa ma'aikatan ba. An ba su hanya ce sananniya ta yin magana wadda ba ta zubar da girman kowa. Maigidan gareji yana iya yin irin wannan da abin da ke hannunsa: ya tambayi yaro ra'ayinsa kafin ya faɗi nasa, ya bar shi ya gwada a kan abin da asararsa ba ta da yawa, idan dabarar ta ci kuma ya ambaci sunan mai ita a gaban jama'a. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, shi ya fi tasiri. Yaron da aka cinye wa dabara sau ɗaya ba ya sake kawo wata.

Matsi ma yana haifar da ƙirƙira. Acaɓar Benin, wadda ake kira zemijan, wato ɗauke ni da sauri a harshen Fon, ta samo asali a Porto-Novo daga masu kekunan da ke ɗaukar mata 'yan kasuwa da kayansu. Ta bazu a shekarun 1980 lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, albashi ya riƙa makalewa, masu takardun makaranta suka rasa aiki. Yau ita ce ƙafar Paraku da Jugu, kuma tun 2022 baburan lantarki da ake musanya wa batir suka fara shigowa ƙasar. Sai dai matsi yakan sa mutum ya hango ribarsa ya kasa hango maƙwabcinsa. Ƙarin sifirin da ke ba mota damar ɗaukar kayan da suka wuce kima shi ke farfasa kwalta, abin da ya sa UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta kafa dokar awon nauyin motoci a 2005. Fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake kira kpayo, wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, ya ciyar da gidaje da yawa, amma gobarar wani rumbunsa a Seme-Krake a watan Satumban 2023 ta hallaka fiye da mutum 30.

Misalin shugaban da ya mai da hasashe makaranta shi ne Godfrey Nzamujo, limamin Katolika ɗan asalin Nijeriya, wanda ya kafa cibiyar Songhai a Porto-Novo a 1985, daga baya ta buɗe reshe a Paraku. Tunaninsa shi ne a gona babu shara: kashin kaji da na dabbobi ya zama taki da iskar girki, ruwan tafkin kifi ya shayar da lambu, ragowar amfanin gona ya koma abincin dabbobi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan manomi ya san shi. Sabon abin shi ne ɗinke su wuri ɗaya, da horar da matasa su koma garuruwansu su kafa nasu gwargwadon ƙasarsu da jarinsu.

Bayan rufe gada

Jarrabawa mafi kusa ta zo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a hanyar Malanbil da kaya a bayansu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da toshe gadar bisa dalilan tsaro. Kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso tare da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da tsada da haɗari. Duk wanda abincinsa ke rataye da motar da za ta wuce arewa, daga mai gyaran taya zuwa mai tuwo a tashar Paraku, ya ji a jikinsa.

A bakin kogi kuwa masu kwalekwale suka karɓi aikin gada. Motocin fasinja suka riƙa sauke mutane a Malanbil, a haye da su da kayansu ta ruwa, wata mota ta ɗauke su a Gaya. 'Yan dako da masu baro da masu babura suka sami sabon layi, 'yan kamasho suka tsara yadda za a haɗa matafiyi da motar da ke jiransa a ɗaya gaɓar, kuɗi kuma yana tafiya ta waya. Masu motocin da suka saba da hanya ɗaya tak shekara da shekaru suka shiga neman lodin auduga da kashu da waken suya da doya a cikin gida, wasu suka karkata ta Jugu zuwa Kara a Togo ko Natitingu da iyakar Burkina, kusan sawun da jakunan fataken goro suka bi shekaru 200 da suka wuce.